Ƙyallen Inna Gwamma

Shafi na 27

Mutanena, ku yafe min shirun da na yi. Masu cewa na ɗaure wa Ɗantsoho gindi da masu cewa Laraba ta cika shisshigi, duk na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta rantse in wani abu ya sami Inna a labarin nan sai ta biyo ni har gida. To 'yar uwa, ki fara neman takalminki. Ku gyara zama.

*

Laraba ba ta san yadda aka yi ta sauko daga mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin Masar, a unguwarsu ta Hayyus Sabi'i ba. Ƙafafunta ne kawai suka san hanya. Wani mai babur ya kusa kwashe ta, ya bi ta da baƙar magana da Larabci, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ita fa magani ta je karɓo wa mahaifiyarsu Inna a unguwar Duƙƙi. Karambani ne ya sa ta biya coci don ta gayyaci Fada Maigari, ɗan ƙasarsu da ke karatun Larabci tare da ƙanenta. A ganinta ai bai kamata a naɗa ƙanen nata Ɗantsoho Fada yau ba tare da na gida ko ɗaya a wurin ba.

Sai mutumin nan ya dafe kai.

"Wane naɗi, Laraba?"

"Na Ɗantsoho mana, Fada. Yau da rana."

"Yesu mai ceto! Bishop ɗinmu na gida bai ba da izini ba. Wanda zai ɗora masa hannu, shi kansa ba da yardar Paparoma ya zama bishop ba, 'yan tsohuwar ibadar Mas ta Latin ne suka naɗa abinsu. Na yi wa ƙanenki magana har bakina ya bushe, yanzu ko wayata ba ya ɗauka. A ina za a yi?"

"Bai faɗa mana ba."

"To ki ji da kyau. In aka ɗora masa hannun nan, ya zama Fada, ba mai kankarewa. Amma babu cocin Katolika da zai bar shi ya hau bagade. Har da na ƙauyenku."

Maganar ke nan da ta riƙa yi mata amsa-kuwwa tun daga Duƙƙi. Lif ɗin gidansu ya mutu kamar kullum, ta haye benen da ƙafa tana haki, ta tura ƙofa.

Dariya ta tarar.

Inna Gwamma na zaune a kujera cikin zanin zumuntar mata ta coci, wanda ta ce lallai sai an sako mata a jaka ranar da za su taho Masar neman magani. Ciwon hanta ya cinye ta, ido ya yi ruwan ɗorawa, ƙafa ta kumbura, amma yau fuskar nan sai ka ce an kunna fitila. Mawada, maƙwabciyarsu Bahaushiyar Sudan mai yi musu tafinta a asibiti, ita ke kafa mata ɗauri.

"Tamam, ya Hajja! Yau kin fi amarya."

"Ke dai Mawada ba kya jin magana. Sau nawa zan ce miki ban je Makka ba? Uwar Fada za ki ce."

"Ma'alish, yi haƙuri, uwar Fada!"

Suka sake tuntsirewa. Idon Laraba kuwa yana kan 'yar kwallar da ke cinyar Inna.

Kowa a Tudun Ƙirya ya san abin da ke cikin kwallar nan. Farin saƙi ne, faɗinsa tafin hannu, tsawonsa kamu biyu. Shekarar da Ɗantsoho ya tafi makarantar koyon aikin Fada, Inna ta tsinci auduga a gonarta, ta kaɗa zare da mazarinta, ta kai wa masaƙi. Tun tana budurwa wani tsohon Fada Bature ya gaya musu al'adar: ranar naɗi ana shafa wa sabon Fada mai mai tsarki a tafin hannu, a ɗaure hannayen da farin ƙyalle, in an kwance a ba uwarsa. Ta adana shi har ranar mutuwarta, a naɗe mata hannu da shi a sa ta a kabari. In ta isa gaban Ubangiji ya ce, "Me kika kawo mini?" sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana na ba ka."

Inna ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan.

"Laraba, kin samo maganin?"

"Na samo, Inna. Ina Ɗantsoho?"

"Yana baranda yana addu'a. Kada ki dame shi."

Ai kuwa damunsa ta je yi.

Ta same shi tsaye tsakanin igiyoyin shanya cikin baƙar doguwar rigarsa mai maɓallai har ƙasa, da ɗan littafi a hannu. Ta ja ƙofar gilas ta rufe. A ƙasa mai sayar da tukunyar gas yana ta ƙwanƙwasa ƙarfe.

"Fada Maigari yana gaishe ka."

Ya rufe littafin a hankali.

"Kin je wurinsa."

"Na je! Na je gayyata, baki har kunne, kamar wata sakarya. Ɗantsoho, ni za ka mayar 'yar iska a ƙasar mutane?"

"Yaya, rage murya."

"Ba zan rage ba. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Ya danganta da yadda ya gaya miki."

"Kai, kada ka kawo min boko. Mutumin nan da izinin Paparoma ya zama bishop?"

"Bishop-bishop na gaskiya ne suka ɗora masa hannu."

"Da izinin wa?"

Ya kawar da kai.

"Ka gani ko? Mai unguwar da ya naɗa wa kansa rawani, shi ne zai naɗa ka!"

Nan fa idonsa ya kaɗa. Ɗantsoho ba mai faɗa ba ne tun yana yaro, amma in ya kafe, gara ka yi da jaki.

"Yaya, ba mu ne muka bar Ekklisiya ba. Su ne suke sauya koyarwa kamar riga. Abin da kakanninmu suka mutu a kai, yau sai a ce a zauna a sake dubawa. Mas ɗin da tsarkaka suka yi shekaru aru-aru, wai ita ce yanzu ake ɓoyewa a yi kamar sata. An ɗauko mana sabon Bishop daga wata uwa duniya, ko hanyar Tudun Ƙirya bai sani ba. Ranar da ya ji ina zuwa Mas ɗin Latin, ranar ya cire sunana daga cikin waɗanda za a naɗa. Ya turo ni nan koyon Larabci, wai in huce. Abokan karatuna duk sun zama Fada, ni ina nan dikon, rabin hanya. Ya ce sai na durƙusa gabansa na yi alkawarin rabuwa da ita."

"To ka yi alkawarin mana!"

"In yi ƙarya a gaban bagade?"

"A'a, gara ka yi wa uwarka ƙarya a gadon ciwo."

Ta san ta soke shi. Ta juya za ta buɗe ƙofa.

"Yanzu zan gaya mata."

Ya riƙo gefen mayafinta.

"Tsaya ki ji nawa, sannan ki je."

"Sake ni."

"Ranar da kika fita sayo ruwa a asibiti, likita ya ja ni gefe. Da Larabci ya yi maganar don kada Inna ta tsinta. Ya ce mu mayar da ita gida."

"Gida? Ba a gama ƙarin ruwan ba ai."

"An gama, Yaya. Khalas ya ce. Ciwon ya bazu. Ya ce da wuya ta ga kaka."

Laraba ta nemi abin dafawa, hannunta ya faɗa kan igiyar shanya, igiyar ta lotsa da ita. Ta daɗe tana zargin haka a ranta, amma zargi daban, ji da kunne daban. Kuka ya taso mata, ta cusa mayafi a baki don kada a ji a falo.

"Kuma ka ɓoye min," ta faɗa da ƙyar.

"Na kira Bishop ɗinmu na gida a daren, na roƙe shi. Na ce ko ba don ni ba, don tsohuwar nan da ta share cocinsu tun kafin a haife shi. Kin san abin da ya ce? Ya ce naɗi ba maganin asibiti ba ne. Ya ce zai sa ta a addu'a."

Muryarsa ta karye.

"Ki gaya min yadda zan yi. In bar ta ta tafi da ƙyallen nan a bushe, babu ɗigon mai? Shekara nawa tana buɗe kwallar nan tana shinshinawa? Ni na yarda da hanyar nan har zuciyata, Allah ya sani, ba don Inna kaɗai ba. Amma ko da ban yarda ba, Yaya, dube ta. Yaushe rabon da ki ji dariyarta?"

Kamar da gayya, dariyar Inna ta ratso gilas.

"Ki ba ni zuwa yamma. In an sa mata abinta a hannu, ki yi min duk abin da kika ga dama."

Kai jama'a! Ku da kuke zagin Laraba a saƙo, ku faɗa min, da ku ne a barandar nan me za ku yi? In ta faɗa, ta kashe wa uwarta farin cikinta na ƙarshe. In ta yi shiru, ta zuba ido ƙanenta ya faɗa rijiya da ƙafarsa.

Inna ta ƙwala kira.

"Wai ƙus-ƙus ɗin me kuke yi ne? Ko sai Bishop ya gaji ya tafi?"

Laraba ta share ido da bayan hannu, ta buɗe ƙofa. Ta haɗiye maganar, ta shiga taya Inna shiri.

*

Tasi ya sauke su gaban wani dogon gini a can cikin unguwar Madinat Nasr, babu gicciye, babu ƙararrawa, sai shagon gyaran waya a ƙasa. Mai gidan, wani dattijo Balarabe Kirista mai suna Isam, shi ya taro su. Shi da Ɗantsoho suka ɗauki Inna a kan kujera suka hau da ita.

Falo ne aka kwashe kayansa. An ja labule ko'ina, an jingina tebur da bango an shimfiɗa masa fararen ƙyallaye da kyandir. Mutanen ba su taka kara sun karya ba: Turawa kaɗan, Larabawa kaɗan, matan duk da ɗan mayafin leshi a ka, kowa a durƙushe, ba mai kallon wani. Aka ajiye Inna a baya, Laraba ta tsuguna kusa da ita. Ɗantsoho ya shige ɗaki, ya fito cikin farar riga, ya je gaba ya durƙusa.

Bishop ɗin ya fito, dogon tsoho Bature mai rawar hannu, da wani Fada a bayansa. Ya ba jama'a baya, ya fuskanci bango, ya fara da Latin ƙasa-ƙasa.

Inna ta karkato.

"Laraba, me yake cewa?"

"Ban sani ba, Inna."

"Hmm. Irin Mas ta dā ce. Ina yarinya na gan ta. Mu zauna kamar an dasa mu, ba ma jin ko ɗaya, har mu yi gyangyaɗi. Ranar da Fada ya fara juyowa ya dube mu ya ce, 'Ubangiji ya zauna tare da ku,' da Hausa tangaram, babanku yana saurayi a lokacin, kuka ya yi wiwi. Daga ranar ya ce shi katikis, malamin coci, zai zama."

Wata Baturiya ta waiwayo ta ɗora yatsa a leɓe. Inna ko a jikinta.

Ta bi falon da kallo, daga labule zuwa ƙofar da Isam ya murza wa makulli.

"Ina Fada Maigari?"

"Bai samu zuwa ba."

"Ina 'yan cocin da muke zuwa ran Lahadi? Ko mutum ɗaya ban gani ba."

Laraba ta sunkuyar da kai.

"Naɗin Fada fa aka ce. A garinmu tun daga bakin rafi ake jin ganga. Wannan wane irin biki ne da ake rufe taga?"

A daidai nan Isam ya lallaɓo da ɗan faranti na azurfa, ya rusuna, ya nuna kwallar, ya yi magana a hankali da Larabci. Ba sai an fassara ba, ƙyallen yake so a kai gaba.

Inna ta buɗe kwallar, ta fito da shi. Amma ba ta ɗora a farantin ba.

"Laraba, dube ni."

"Inna, ana jira..."

"Na ce ki dube ni. Tun da kika dawo daga karɓo magani idonki bai haɗu da nawa ba. Na haɗa ki da nonon da kika sha, mene ne?"

Shi ke nan, an gama da Laraba. Ta kai baki kunnen uwarta, tana hawaye, ta zazzage mata duk abin da Fada Maigari ya faɗa. Maganar likita kaɗai ta riƙe.

Inna ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa murza bakin ƙyallen da yatsa.

Can sai ta ɗaga murya, muryar da take kiran awaki da ita daga bayan gari.

"Ɗantsoho!"

Latin ya tsaya cak. Kowa ya waiwayo.

"Zo nan."

Ya taso, fuskarsa ta yi fari fat. Ya harari Laraba sau ɗaya, ya zo ya durƙusa gaban kujerar.

"Inna, don Allah, ana tsakiyar..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ni ban san Paparoma ba, ban san rigimarku ta masu ilimi ba. Wa ke da gaskiya, wa ba shi da ita, ku kuka sani. In an kai gawata cocin Tudun Ƙirya, wa zai hau bagade ya yi min Mas?"

"Inna, ki daina maganar mutuwa."

"Kai, rufe min baki. Kana tsammani don likita ya yi Larabci ban gane ba? Na ga fuskarka da ka dawo. Jikina ne, na riga shi sani. Amsa min: wa zai yi?"



"Zan yi miki, Inna. Ko a ina nake zan yi miki."

"Ban ce ko a ina ba. A cocin da ubanka ya ɗebo wa laka a ka. Gaban matan zumunta. Za su bar ka ka hau?"

"...Ba za su bari ba."

"A bakin ƙofa za ka tsaya?"

Hawaye ya gangaro masa ya ɗiga a kan farar rigar.

"Don ke nake yi, Inna. Don ki tafi da shi da mai a jiki. Kuma na yarda nan gaskiya take."

"Na ji."

Ta warware ƙyallen. Ta haɗa tafukanta biyu, ta kama baki ɗaya da haƙori, ta shiga naɗawa a hannayenta, zagaye bayan zagaye, yadda ake yi wa uwar Fada ranar da aka gama mata wanka. Laraba ta kai hannu za ta hana, Inna ta ture ta da gwiwar hannu.

"Ga shi, na ɗaura abina. A haka ma za a iya sa ni a rami, da mai ko babu mai. In ya tambaye ni, in ce na ba shi ɗa, rigimar manya ta tare shi a hanya. Ba zan hana ka ba, kai ba yaro ba ne. Amma ba zan miƙa wa baƙo a faranti ba. In kana so, kwance da hannunka."

A gaba, tsohon Bishop ya yi wa Fadan da ke gefensa magana a kunne. Fadan ya juyo ya fuskanci jama'a. Lokacin kiran wanda za a naɗa ya yi, in an kira ya amsa ya matso, daga nan sai ɗora hannu. Ya kira sunan baftismar Ɗantsoho da ƙarfi:

"Siprian!"

Ɗantsoho ya dubi gaba. Ya dubi hannun uwarsa.

"Ɗantsoho, kada ka yi," in ji Laraba. "Na roƙe ka da kabarin Baba."

Ya miƙa hannu ya kama bakin ƙyallen.

Ya warware zagaye ɗaya.

Inna ba ta janye ba. Ta lumshe ido ta jingina da kujera.

"To madalla. Tunda ba za ka tsaya a kaina ranar ba, bari in yi wa kaina tun yanzu, kana kusa, kana ji."

Sai ta ɗauko waƙar rakiyar gawa, wadda mijinta Katikis Nomau ya tsara da bakinsa, wadda ba a taɓa binne Kirista a Tudun Ƙirya ba tare da ita ba. Muryar a shaƙe, numfashi na yankewa, amma kowace kalma ta fita:

"Mai gona, ga ni na taso,
Na jingine fartanyata,
Rana ta faɗi, buɗe min ƙofa..."

"Siprian!" Fadan ya sake kira.

Hannun Ɗantsoho ya tsaya. Rabin ƙyallen na hannunsa, rabi na naɗe a hannun Inna, ita kuwa ba ta fasa waƙar ba.

Fadan ya buɗe baki zai yi kira na uku.